Shayi da burodi ne ke sa ni gyangyaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kasuwar Barci. Kullum da shayi da burodi nake karyawa, amma kafin ƙarfe 11 sai jikina ya mutu, in dinga gyangyaɗi a kan keke. In koma sayen burodin alkama ne, ko in haƙura da burodi gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam tela, kar ka ɗora wa sunan kasuwarku laifi, abin yana cikin kofinka da ledar burodinka.

Farin burodi da fulawa ake yin sa, wato alkamar da aka raba da dusarta. Dusar nan ce ke sa ciki ya narkar da abinci sannu a hankali. In babu ita, nan da nan burodin zai zama sukari ya kwarara cikin jini. Ga sukarin da gidan burodi ya zuba, ga wanda mai shayi ya antaya maka ba awo. Sai jiki ya saki sinadarin insulin da yawa don ya kwashe shi. Bayan awa biyu zuwa uku sukarin ya sauko, kai kuma kasala da yunwa su rufe ka, kamar ba ka ci komai ba.

Burodin alkama ya fi, amma launi ba shaida ba ne, don akwai wanda rina shi kawai aka yi. Ɗaga shi ka ji: na gaske yana da nauyi, ba ya lotsewa kamar soso, kuma za ka ga ɗigon dusa a cikinsa. Ka duba lambar NAFDAC a jikin ledar.

Ni dai da ni ce kai, ba zan ƙara ko sisi ba. Sayi rabin burodin da ka saba, canjin a soya maka ƙwai biyu, ko ka tsaya wurin mai ƙosai. Ƙwai da wake suna jinkirta shigar sukarin, su riƙe ka har azahar. Ka ce wa mai shayi cokali ɗaya ya isa.

Gwada hakan mako biyu. In kasalar ba ta tafi ba, musamman in akwai yawan ƙishirwa, yawan fitsari ko rama, je asibiti a auna maka sukari. In kuma kumburin ciki da gudawa ke biyo bayan cin burodin, faɗa wa likita, don akwai masu cikin da bai jituwa da alkama ko kaɗan.