Ga 'yar'uwar da kuka ke neman hana ta zuwa majami'a

'Yar'uwa, sannu da wannan babban rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Tun da safe na karanta tambayarki, na kasa rubutu sai yanzu. Kin ce wata 5 ke nan da rasuwar maigidanki, duk ranar Lahadi da mawaƙa suka tashi sai kuka ya ci ƙarfinki, har wasu sun fara ce miki mai bi ba ya irin wannan kuka. Kina tambaya ko bangaskiyarki ce ta yi rauni, ko kuwa ki daina zuwa sai kin sami sauƙi.

Ni ma gwauruwa ce, shekara 9 ke nan. Maigidana yana cikin mawaƙa, saboda haka na san abin da kike faɗi. Waƙa na tashi kunnena ke neman muryarsa, in rasa ta.

Bangaskiyarki ba ta yi rauni ba. Masu hana ki kuka yawanci 1 Tasalonikawa 4:13 suke jawowa, amma rabin ayar suke karantawa. Bulus bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada namu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Ki buɗe Yohanna sura 11 ki karanta a hankali. Li'azaru ya kwana 4 a kabari. Yesu ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu da rai, ya kuma san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan. Duk da haka, a aya ta 35, ya yi kuka. Abin da ya fi taɓa ni ma shi ne, Marta da Maryamu kowacce ta faɗa masa a gabansa cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Wannan ƙorafi ne, kuma bai tsawata musu ba. Sa'ad da aka jajjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki ƙwarai, Ayyukan Manzanni 8:2. Wa zai ce waɗannan ba su gaskata da tashin matattu ba?

Batun daina zuwa kuwa, ni na gwada. Na yi wata 2 ban taka majami'a ba, ina cewa sai zuciyata ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Ranar Lahadi ta zama ranar da ta fi kowace tsawo, gida shiru, masu zuwa gaisuwa sun riga sun watse, kowa ya koma harkarsa. Kullum na ƙara mako ɗaya, komawar sai ta ƙara nauyi, har na fara jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba.

Wata dattijuwa ce ta fito da ni. Ba ta yi mini wa'azi ba, ko aya ɗaya ba ta karanta mini ba. Ta zo da sassafe ta ce, “'Yata, ɗaura ɗankwalinki, a baya za mu zauna.” Muka zauna kusa da ƙofa. Aka fara waƙa na fashe da kuka, ta riƙe hannuna. Na tashi na fita, ta biyo ni, muka tsaya a waje muna jin wa'azi ta taga. Haka ta yi ta yi da ni kusan wata 3. Ita ce ta sa na gane abokan Ayuba. Kwana 7 dare da rana suka zauna da shi a ƙasa, ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne suka kyauta. Da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa sai suka ɓata, har a Ayuba 42:7 Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu. Masu ce miki ki yi shiru ba mugunta ba ce, yawancinsu tsoron hawayenki suke ji don ba su san abin da za su yi da shi ba. Ki yafe musu, amma kada ki ɗauki maganarsu kamar daga bakin Allah ta fito.

Ki nemi irin wannan mutum, ko da ɗaya. Ki faɗa wa fasto ko wata a zumuntar mata abin da kike bukata a fili, kada ki jira su gane da kansu. Idan addu'a ta ƙi fitowa, ki ari ta Zabura. Ni ta 88 na riƙe tsawon shekarar farko, domin daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, da duhu ma ta ƙare, amma da Allah mai ita yake magana. Wani abu kuma da ba na so in tsallake: in barci ya ƙaurace miki, kin daina cin abinci, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki ga likita ba da jinkiri ba. Iliya da ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci da abinci Allah ya fara ba shi kafin magana.

Har yau akwai waƙa ɗaya da ba na iya kai ta ƙarshe. Idan an ɗauko ta nakan sunkuyar da kai in bar jama'a su rera a madadina. Wannan Lahadin ki je, ki zauna kusa da ƙofa, in kuka ya zo ki bar shi. Idan kin dawo ki gaya mana yadda kika yi, zan sa ki a addu'a daren Asabar.