Amsar murya kan rufin ragar katako

Salamu alaikum. Malam, na ji tambayarka kan hoton nan na rufin ragar katako da aka turo, wai ko a lanƙwashe ake sassaƙa katakon kafin a ɗora. A'a wallahi. Na san abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda miƙaƙƙen katako zai koma kamar ƙwarya a kife kuma bai karye ba.

To a shimfiɗe ake haɗa shi a ƙasa, kamar tabarma. Siraran katako a gicciye, kowace mahaɗa da notinta, amma ba a ɗaure notin. Wannan ka riƙe shi. Sai an ɗaga ragar, katakon ya lanƙwasa, ramukan ragar sun karkace yadda ake so, sannan a ɗaure, a ja waya ta kusurwa zuwa kusurwa don kada ya motsa.

Dubi Multihalle, wani babban zaure a birnin Mannheim na Jamus, aikin mai zanen gine-gine Frei Otto, 1975. Kaurin katakon santimita 5 ne kowane gefe, tazara rabin mita, ninki biyu, ya rufe faɗin mita 60 babu ginshiƙi. Siffar ma da 'yar ragar sarƙa ya samo ta, ya rataye ta ta yi ciki, aka auna, aka kifar da siffar. Da za a gwada ƙarfinsa, garewanin shara aka cika da ruwa aka rataya a jiki.

Af, na ce a ƙasa ake haɗawa, to ba kullum ba. Na gidan tarihin Weald and Downland a Ingila, 2002, a kan dandamali a sama suka shimfiɗa ɗanyen katakon oak, suka riƙa sauke gefunan a hankali, nauyinsa na taya su.

Maganar notin nan kuwa har yau tana ci mini rai. Bara muka gwada 'yar rumfa ta mita 4. Na ce wa kafintan, maigida, bar su sako-sako. Ya ce shekara 20 yana sana'a bai taɓa barin noti a kwance ba. Ina juya baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure tam. Muna ɗagawa sai ƙas, ƙas, guda shida suka tafi, yawanci daidai inda reshe ya taɓa fitowa a jikin katakon. Ni na biya wani katakon, ni na sake zaɓe da hannuna, kuma har gobe cewa yake itacen ne ba kyau.

Maganar lissafin iska da gara kuma, bari sai da dare, an kira salla.