Wa ke da alhakin mutuwar Eva Smith?

Tambaya: Malam, ina karanta wasan kwaikwayon An Inspector Calls na J. B. Priestley. A ganina Eric, ɗan gidan Birling, ne ya jawo mutuwar Eva Smith, yarinyar da ta kashe kanta, tunda shi ya yi mata ciki. Me ya sa ake cewa kowa a gidan Birling na da alhaki? Kuma tunda an gano sufeton na bogi ne, ina laifinsu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, Eric ya yi ɗanyen aiki, babu ja. A buge ya matsa mata, ya yi mata ciki, ya kuma saci kusan fam 50 a ofishin ubansa don ya ba ta. Amma ki duba halin da ya tarar da ita.

A 1910 ma'aikatan masana'antar Arthur Birling, uban Eric, suka nemi a mayar da albashinsu sule 25 a mako daga sule 22 da sisi. Ya ƙi, ya kori Eva saboda tana cikin masu ja gaba. Ta samu aiki a kantin Milwards, sai Sheila, 'yar Birling, ta gwada wata riga da ba ta karɓe ta ba, ta hango yarinyar tana murmushi, ta sa aka sallame ta. Gerald Croft, saurayin Sheila, ya ajiye ta a matsayin farkarsa 'yan watanni, da ya ga dama ya sake ta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce uwar, Sybil Birling. Yarinya ta zo kwamitin agajin mata da ciki, ba ta da ko kwabo, Sybil ta sa aka hana ta taimako, har da jin haushin ta kira kanta da sunan gidan Birling. Da Sufeto Goole, wanda ya zo gidan binciken mutuwar, ya tsare ta da tambayoyi, sai ta kafe cewa uban cikin ne mai laifi, a tona masa asiri a bainar jama'a. Sheila na roƙonta ta yi shiru, ba ta ji ba. Ɗanta take yanke wa hukunci ba ta sani ba. Kin ga ke nan hujjar taki ita ce hujjar Sybil, kuma Priestley ya sa ta a bakinta ne don ya nuna saukin ture alhaki kan mutum guda.

Lura da wani abu: in aka cire abin da Eric ya yi, da wuya kotu ta kama sauran da komai. Korar ma'aikaci, ƙorafi a kanti, hana sadaka, duk doka ta bari. Da gangan marubucin ya zaɓi irin waɗannan, domin hakkin da mai hali ke ɗauka ba tare da ya karya doka ba shi ne damuwarsa. A 1945 ya rubuta wasan, amma ya ajiye labarin a Ingila ta 1912. Shi ya sa da Birling ya bugi ƙirji cewa ba za a yi yaƙi ba, jirgin Titanic kuma ba zai nitse ba, masu kallo da suka ga yaƙin duniya biyu sun san irin mutumin da ke koyar da cewa kowa ya ji da kansa.

Batun sufeton bogi kuwa, a nan wasan ya tace su. Sun buga waya, aka ce babu ɗan sanda mai wannan suna, asibiti kuma ba a kawo yarinyar da ta kashe kanta ba. Iyayen suka hau murna, ashe tonon silili kaɗai suke tsoro. Sheila da Eric suka ce ai abin da kowa ya amsa da bakinsa bai canza ba. Sai waya ta sake ƙara: wata yarinya ta mutu, sufeto na kan hanya.

In za ki yi rubutu a kai, kada ki sa Gerald cikin sahun yaran don ƙuruciyarsa. Ya yi nadama na ɗan lokaci, amma shi ne ya fita ya samo hujjar wanke kowa, har ya sake miƙa wa Sheila zoben baikon da ta mayar masa. Ta ce lokaci bai yi ba tukuna.