Amsar Gwaggo a kan dafa ƙwan sallah tun jajibere

Assalamu alaikum 'yata, amaryar bana. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗi da kika tambaya kafin ki ɗora tukunya. Kin ce wannan ce sallarki ta farko a ɗakinki, za ki yi shinkafa da miya da haɗin salak ki aika gidan surukanki a Yakasai da kuma maƙwabta. Kina so ki dafa ƙwai kiret guda ki ɓare tun daren jajibere don safiya ta zo miki da sauƙi, sai wata maƙwabciyarki ta ce a al'ada ba a kwana da dafaffen ƙwan sallah.

To, al'ada ba ta hana ba, addini ma bai hana ba. Ƙwai baƙo ne a kwanon sallah, bai daɗe ba ballantana a kafa masa doka. Da muna yara a cikin birni, abin da ake fitarwa tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da waina, da funkaso, wasu gidajen su ƙara da alkubus ko sinasir. Ƙwan kajin gida ba a cika taɓa shi ba, barin kaza ake ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe. Wanda muka fi sani shi ne ƙwan zabi da damina, matan Fulani su shigo da shi a ƙwarya, a dafa a ci da yaji. Har camfi ake mana wai yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma idan Allah ya kawo naki yaran kada ki hana su, yana gina jiki. Sai da gidajen gonar kaji suka yawaita, aka koma sayen ƙwai a kiret, sannan ya hau kan shinkafa da salak ranar sallah.

Aikin jajibere kuwa gadonmu ne. Cincin da dubulan tun ana saura kwanaki ake soya su. A jiƙa shinkafar waina a kai niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi, a gyara kaji a soya, a yi jajjage, ga kitso ga lalle. Amma iyayenmu sun san abin da ke kwana da wanda ba ya kwana. Abin da suke bari ya kwana, ko dai soyayye ne, ko wanda tsaminsa ake nema, ko wanda za a mayar wuta ya tafasa da asuba. Dafaffen ƙwai ba ya cikin waɗannan, a nan ne maƙwabciyarki take da gaskiya, ko da ta jingina wa al'ada.

Ɗanyen ƙwai yana da wani siririn rufi a kan ɓawonsa da ke toshe ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Tafasa tana wanke wannan rufi, shi ya sa dafaffe ya fi ɗanye saurin lalacewa. Idan kuma kika ɓare, babu sauran abin da ke kare shi, ga shi hannu ya taɓa. Sannan ki duba lokacin da muke ciki. Sallah tana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa cikin bazara: a 2024 ranar 10 ga Afrilu, a 2025 a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Masana lafiyar abinci sun ce kada dafaffen ƙwai ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ce. A firij yana iya kai kwana 7 da ɓawonsa, amma firij mai sanyi ake nufi, ba wanda aka ɗauke wa wuta tun magariba ba.

Saboda haka idan kuna da sola ko firij ɗinki yana riƙe sanyi har safe, ki dafa bayan isha'i, ki sanyaya, ki tsane, ki ajiye da ɓawonsa, ɓara kuma sai da safe. Idan babu tabbacin wuta, ki bar shi ɗanye ki ɗora da kin idar da sallar asuba. Ni wannan na biyun nake so ki yi. Kafin shinkafa ta tsotse ruwa kin gama da shi.

Na san abin da ke ba ki tsoro shi ne ɓara, ki tsaya kina tsintar ɓawo mutane na ta tafiya idi. Maganin wannan tun a kasuwa yake. Sabon ƙwai, wanda kaza ta saka jiya ko shekaranjiya, shi ne mai taurin kai, domin farinsa yana manne da tantanin da ke ƙarƙashin ɓawo, kina ja yana ɗebo nama. Ki saya ana saura mako guda, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ki wanke sai ranar dahuwa. Ranar kuma ki gwada su a roba da ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta lafiyarsa ƙalau, wanda ya ɗan ɗaga kai ya kwana biyu amma zai yi, kuma shi ya fi daɗin ɓara. Wanda ya taso sama yana yawo ya tsufa sosai, wataƙila ma baragurbi ne, ki fitar da shi daga gidan ba tare da kin fasa ba.

Ki bari ruwa ya tafasa tukuna, sannan ki riƙa saukar da ƙwan a hankali da ludayi. Wanda aka sa a tafasasshen ruwa ya fi saurin rabuwa da ɓawo a kan wanda aka ɗora a ruwan sanyi. Kada ki tula guda 30 a ƙaramar tukunya suna karo da juna, ki raba biyu ko ki nemi mai faɗi. Ki rage wuta, ki duba agogo, minti 10 zuwa 12 ya isa. Idan ya zarce, za ki ga wani kore-kore ya zagaye ƙwaiduwa, ga ɗan wari. Ba guba ba ne, amma mai ci zai san an manta da tukunya. Kina saukewa ki juye cikin ruwan sanyi, na randa ma ya yi, ki sake ruwan idan ya ɗumama. Sai ki ƙwanƙwasa ta gindin mai faɗi, nan ne akwai ɗan sarari na iska, ki murza shi a tafin hannu ya tsattsage ko'ina, ki sa babban yatsa ƙarƙashin tantanin, ki ɓare a cikin ruwa. Zai zame miki sumul kamar an cire masa riga.

Yanzu ga inda al'adar take da gaske, wato kwanon da za ki aika. Surukarki za ta buɗe murfi a gaban 'ya'yanta da matan gida, kuma abin da ke sama shi ido zai fara gani. Duk ƙwan da ya ɓantare ko ya yi rami-rami ki ware, ku ci a gida. Ki zuba na Baba daban, na Hajiya daban, na sauran gida a babban kwano, ki ƙiyasta mutanen gidan don kada a tsaya ana raba ƙwai ɗaya gida huɗu. Na kan shinkafa ki jefa su cikin miya su tafasa tare na ɗan lokaci, ki zuba su a kula tun suna da zafi. Na salak kuma kada ki yanka, kada ki zuba bama, ki sa kowanne a mazubinsa su haɗa a can. Ranar sallah hanyoyin cikin gari cunkushewa suke yi, daga filin idi na Ƙofar Mata har Ƙofar Kudu, dawaki da jama'a, ɗan aike zai iya daɗewa a cikin a-daidaita-sahu rana na dukan kwano. Ki fitar da nasu da wuri, tun kafin a sauko.

Maƙwabta kuma kada ki tsaya kan waɗanda za su rama miki. Ki tambayi maigidan inda akwai marayu ko tsohuwa mai zaman kaɗaici a layinku, kwanonsu ya fita da ƙwai kamar na kowa. Yaron da ya kawo miki abinci daga wani gida ki ba shi tukuici, kwanon kuma kada ya koma wayam, ko cincin ne ki zuba.

Wanda ya rage ɓararre ku cinye a ranar. Kada ki ce za ki ajiye wa baƙin Hawan Daushe, ki bar ɗanye a kiret ki dafa musu sabo washegari. Ki gai da maigidan, ki ce ina jiran ku yawon sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya ba ku zaman lafiya.