Wurin koyon zane da saƙa a unguwa: ta ina za mu fara?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa a Bolari, cikin Gombe, tana son buɗe wurin koyon zane, saƙa da wasan kwaikwayo don kurame, guragu da yaran da rikici ya koro daga Borno da Yobe. Dattawa sun ce gara mu raba musu shinkafa. Yaya za mu yi?

Amsa: Malama, dattawan suna da gaskiyarsu, mai jin yunwa ba ya zama ya koyi komai. Ku sa abincin rana cikin lissafi. Sai dai wanda aka miƙa wa buhu yana komawa gida ne a matsayin abin tausayi, alhali wanda ya saƙa faifai aka saya ya zama mai sana'a.

Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne ware su. In kuka ce wurin na naƙasassu ne kaɗai, kun sake gina katangar da kuke son rushewa. Ku buɗe wa duk yaran unguwa, a zauna kan tabarma ɗaya. Kuma ku ba naƙasassun ragamar koyarwa. Makaho gwanin tufkar igiya da saƙar tabarma, yatsunsa na gane kuskure tun kafin mai ido ya lura. In ya kama hannun yaro ya gyara masa zaman kaba, daga ranar yaron zai fara ce masa Malam. Haka kurma a zanen bango ko ƙunshi, aikin da ba ya neman baki.

Kafin ku sayi fenti, ku je gaisuwa wurin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ku tuntuɓi reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, su faɗi abin da suke so. Ku nemi mai maganar hannu. Ku duba ƙofa da banɗaki, ko keken guragu zai shiga. Wannan haƙƙinsu ne, domin dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta wajabta sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a.

Yaran gudun hijira kuwa, don Allah kada a ce su zana abin da suka gani a can. Wanda ya so zai zana da kansa, a lokacinsa.

In an sayar da kaya, sunan mai aiki ya kasance a jiki, kuɗin ya shiga hannunsa, kuma kada a sa hotonsa a Facebook sai da izininsa ko na iyayensa.