Yaranka masu zuwa haɗa sola gidajen mutane

Malam, kan tambayarka ta yadda za ka kare yaranka masu zuwa haɗa sola gidajen kwastomomi a lokacin korona, ni dai kafin su fita sai na kira mai gidan na tambaya ko akwai mai zazzaɓi ko tari, in akwai mu ɗaga aikin kawai. In sun shiga a buɗe tagogi, takunkumi ya rufe hanci ba a rataye shi a haɓa ba, tazarar mita 2, ban da musabaha. Sanitiza a aljihu, a goge filaya da testa bayan aiki. Wanda ya ce jikinsa ba daɗi ya zauna gida amma don Allah ka biya shi kuɗin ranar, in ba haka ba ɓoyewa zai yi ya fito.