Jar Corolla ta koma ruwan hoda: a goge ta ko a fesa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina da jar Corolla ƙirar 1998 wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. 'Yar Kwatano ce, ta Illela aka shigo masa da ita, kuma har yau injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Damuwata fenti. Bonet da rufi sun koɗe sun koma ruwan hoda, in na shafa da hannu sai wani gari-gari ya biyo tafina. Ƙofar baya ta dama kuwa, wadda aka taɓa gyarawa bayan wani ɗan kabu-kabu ya buge ta, wata farar fata ce ke ɗayewa a jikinta kamar saɓar maciji. Wani mai fenti ya ce in kawo ta ya fesa ta gaba ɗaya cikin kwana 2. Wani abokina kuma ya ce in mai da ta fara, tunda rana ba ta cin farar mota. Ɗan albashi ne ni, ba na son in zuba kuɗi in dawo ina cizon yatsa. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na yi sama da shekara 20 bindigar fesa fenti tana hannuna, tun zamanin da 504 da 505 na kamfanin Fijo na Kaduna suka cika titunan garin nan, kuma maganar farko da zan faɗa maka ita ce kada ka kai motar nan fesawa tukuna. Yadda ka kwatanta ta, cuta biyu ce a jikinta, kowace da maganinta, ɗaya ma mai yiwuwa ba ta buƙatar ko ɗigon sabon fenti.

Bari mu fara da bonet da rufi. Fentin mota iri biyu ne. Akwai na da, mai hawa ɗaya, wanda launi da ƙyalli suke cakuɗe wuri guda. Akwai kuma wanda ya mamaye ko'ina daga shekarun 1980, mai hawa biyu: launi a ƙasa, sannan a lulluɓe shi da wani ruwa garai-garai da muke kira kiliya. Jan Toyota na shekarun motarka, da yawansa hawa ɗaya ne. Rana tana ƙona samansa, ɗankon da ke riƙe da ƙwayoyin launi ya mutu, launin ya zama gari. Shi ne abin da ke biyo tafinka. Ja kuwa ya fi sauran launuka saurin nuna wannan, balle a Sakkwato da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙarfen mota ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa hannu. Amma sama-sama ne kawai ya mutu. Sau da yawa jan yana nan ƙarƙashi da ransa.

Ga yadda za ka gane, kuma da kanka za ka yi. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ka wanke bonet ɗin ka bar shi ya bushe ya huce. Ka sayi ƙaramin gwangwanin kwamfan wurin masu sayar da kayan fenti, wato man nan mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ake goge fenti da shi. Ka sami farin ƙyallen auduga mai laushi, tsohuwar singileti ma ta isa. Ka lakaci kaɗan, ka zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu, ka dinga murzawa da ɗan ƙarfi kamar minti 2, sannan ka share da gefen ƙyallen mai tsabta. In ƙyallen ya rine ja, wurin kuma ya fito jawur yana sheƙi a tsakiyar ruwan hodan nan, to ka yi hamdala. Fentinka hawa ɗaya ne, gogewa kawai yake so.

Na tuna wata jar mota da wani dattijo ya kawo mana daga Gawon Nama, ya riga ya yanke shawarar fesawa, har ya zo da kuɗinsa a aljihu. Na roƙe shi ya tsaya, na goge masa rabin bonet na bar rabi. Ya daɗe a tsaye yana kallon layin da ya raba tsakiya, gefe jawur gefe fari-fari, sannan ya shafa da bayan hannu ya ce ashe tana nan. Kaɗan daga cikin kuɗin da ya zo da shi ya biya, ya koma gida da sauran.

Ina dagewa a kan wannan ne don fentin kamfani ba shi da na biyu. A masana'anta, kafin a sa wa mota kujeru da roba da waya, ana tsoma gangar jikinta cikin maganin tsatsa, a fesa, a gasa da zafin da ya haura digiri 100. Ba garejin da zai iya maimaita wannan a kan motar da ke da taya da tanki. Shi ya sa in ka je wurin dillalai, tambayarsu ta farko ita ce ko fes-bodi ce, wato ko fentin kamfani ne har yanzu a jikinta. Da zarar an fesa mota, mai saye sai ya fara zargin ko haɗari ake ɓoyewa. Abin da mahaifinka ya bar maka a jikin bonet ɗin nan yana da daraja, ko da ya koɗe.

In za ka ba mai injin gogewa, ka tsaya a kansa. Duk kaurin fentin mota, daga ƙarfe zuwa sama, bai fi na takardar littafi da yawa ba. Yaro mai gaggawa in ya danna inji a kan kaifin bonet ko kusurwar fenda, nan take zai cinye launin ya kai ga furaima, wato shafin farko da ke ƙarƙashin launi, wannan kuma ba ya gyaruwa sai da fesawa. Bayan gogewa dole a shafa kakin mota, kuma a wannan rana tamu sai ka riƙa maimaitawa duk wata 2 ko 3. In ka bari, kafin shekara ta zagayo ruwan hodan ya dawo, gara ka sani tun yanzu.

Ƙofar baya kuwa labarinta daban. Wanda ya gyara ta ya sa launi ya bi da kiliya, kiliyar ce ta mutu take ɗayewa, ko don mai arha ce, ko don an tsinka ta da tina, ruwan tsinka fenti, fiye da kima. Kiliya in ta fara saɓa, ba kwamfan ba kaki, ba abin da zai mai da ita. Sai an kankare da sanfefa an sake fesa ƙofar. Kafin nan ka ɗauko maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin ƙofar. Inda ya kama, ƙarfe ne kusa. Inda ya saki, fila ce, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi, aka lafta maimakon a buge lotsawar. In wurin yana da faɗi, sai fanel bita ya fara cire ta ya daidaita ƙarfen, don fila mai kauri a zafin nan tsagewa take yi, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki.

Ka kula da jerin aikin: a fara goge sauran motar, sannan a haɗa launin ƙofar. Lambar fentin tana jikin ɗan allon da ke bakin ƙofar direba ko cikin gidan inji, bayan haruffan C/TR. Amma lambar launin sabuwar mota za ta ba ku, taka kuwa ta sha rana shekara da shekaru. Mai haɗa fenti na kirki zai fesa a ɗan guntun ƙarfe, ya bari ya bushe, ya kara da fendar da aka goge a hasken rana, ya gyara har su saje.

To in gwajin ƙyallen bai yi ba fa? In ka ga toka-tokar furaima ta leƙo, ko fentin ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, ko tsatsa ta kumburo a gindin gilashi da bakin taya, fesawa ta wajaba. A nan ne maganar kwana 2 ta dame ni. Fesawar kanta awa kaɗan ce. Abin da ke cin lokaci, kuma abin da kake biya, shi ne wanda ido ba zai gani ba in an gama: cire fitilu da bamba da hannuwan ƙofa maimakon a manna musu jarida, kankare mataccen fenti, kashe tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, furaima, a bari ta bushe, a bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa lamba 600 ko 800. Aikin tsakani da Allah ba ya kasa mako guda. Wanda ya yi a kwana 2, a kan mataccen fentin ya fesa, kuma sabon zai taso tare da tsohon. Ka zaga gareji 3, kowanne ka ce ya lissafa maka abin da ke cikin kuɗin, ka kuma nemi ya nuna maka motar da ya fesa shekara 2 da suka wuce. Ta jiya kowa tasa tana ƙyalli. Ranar da aka sa furaima ka je da ƙafarka ka gani.

Wajen fenti, ka ce 2K kake so, mai sinadarin ƙarfafawa, ka ga gwangwanin a rufe kafin a buɗe. Fentin selulos, wanda ba a haɗa masa wannan sinadari, ya fi arha da saurin bushewa, amma ba ya jure ranar Sakkwato. Masu ɗakin gasawa, wanda ake ce wa oben, suna dumama mota zuwa wajen digiri 60, sai dai babban amfaninsa a wurinmu shi ne rufaffen ɗaki ne, ƙura ba ta shiga. In a fili za a yi, ka guji hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka kan ɗanyen fenti ya zama kamar an barbaɗa yashi. Ka guji tsakar ranar bazara, don fenti yana bushewa a iska kafin ya kwanta, ya fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, da sassafe, a yayyafa wa ƙasa ruwa, shi ne lokacin da na fi amincewa da shi.

Wata alfarma nake nema, ba ta motarka ba ce. Sinadarin 2K yana lalata huhu. Na san abokan aikina da yau ba sa iya hawa bene sai sun tsaya suna haki, don mun yi ƙuruciya muna ɗaure hanci da hankici. In ka ga yaron da zai fesa taka ba shi da takunkumin kirki mai matata, ka yi wa maigidansa magana. Maganar mai mota tana da nauyi a gareji.

Abokinka yana da ɗan gaskiya, fari ya fi ɓoye koɗewa kuma ya fi sanyi. Sai dai canza launi yana nufin fesa bakin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin bonet, in ba haka ba kana buɗe ƙofa jan zai leƙo. Sannan takardun motarka ja suka ce, sai ka je ofishin lasisi an gyara, kada ka sha tambaya a shingen hanyar Gusau ko Birnin Kebbi. Da ni ne, ja zan bar ta yadda Baba ya san ta.

Ko wanne ka yi, ka hana yara wanke ta da omon wanki, yana cire kaki tas. Kada a share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, a fara kwara ruwa. Kashin tsuntsu da na jemage in ka ajiye ta gindin dogon yaro, a wanke shi ranar, yana cin fenti. Tamfol kuma in iska tana kaɗa shi a kan ƙura, sanfefa ya zama. Rumfar zana mai ƙafa 4 a ƙofar gida, da wata inuwa da za ka roƙa a makaranta, sun fi shi nesa ba kusa ba. In an fesa ƙofar, ka ba ta wata 2 kafin kaki ya taɓa ta.

Ka yi gwajin nan ranar Asabar, Malam, ka rubuto mini launin da ya biyo ƙyallen.